Ragon da ya fidda ni lakwal

"Baba, albashina zai biya bashin," in ji autata Hadiza. Injiniyar na'urorin asibiti take son zama, kuma sai na jinginar da gonata don kuɗin karatun.

Ni mai aji uku na tsuke fuska, wai lissafi nake.

"In aikin bai samu ba fa?"

"Sai ka tafi karɓo ragon Kaka."

Ja'ira! Ta san farkon mulkin kai, a ƙauyenmu arewa da Tahoua, tsohona ya kai ma maigari rago don a fidda ni lakwal, in bar boko in koma kiwo.

Na sa hannu a takardar bashin. Gidanmu ya taɓa biya don a bar karatu, bari mu gwada biya don a yi.

Ku da kuka jarraba, gonar tana dawowa kuwa?