Jan Biro a Kwandon Kaka

A gidan Kaka ba a zuwa sauraron tatsuniya hannu rabbana. Wannan ce dokar farko da na koya sa'ad da iyayena suka kai ni Madakiya in zauna a wurinta, ina aji uku na firamare. Duk yaron da yake so ya zauna a bakin wuta, sai ya tsinto wani abu da rana ya jefa a cikin wani tsohon kwando da ke rataye a jikin rumbu. Ba ruwanta da kyan abin. Murfin kwalba, ƙashin kaza, karyayyen cokali, duk ɗaya ne a wurinta. Takan ce tatsuniya ma tana jin yunwa, kuma ba ta cin kwanannen tuwo.

Lokacin da na fi tunawa shi ne bayan an haƙo citta, sanyi ya shigo. Aikin yamma a lokacin shi ne tsaga cittar da wuƙa kafin a shanya ta a kan dutse. Da rana ta faɗi, mun ci tuwon acca, Kawu Yohanna ya yi mana addu'a, sai a hura wuta a tsakar gida, a zube citta a kan buhu, kowa ya ɗauki wuƙarsa. Har yau in na ji ƙamshin ɗanyar citta, sai in ji kamar yatsuna suna raɗaɗi. Da manya Kaka yarenmu take yi, amma yaran maƙwabta da suke cika gidan kowa da nasa yaren, don haka da Hausa take ba mu labari. Hausarta kuwa ta kanta ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu, kuma ba wanda ya taɓa ɓata a hanya saboda haka.

"Wa ya kawo wa tatsuniya tuwo?" Haka take farawa.

"Yana cikin kwando!" mu amsa da ƙarfi.

Sai ta cusa hannu ba tare da ta duba ba, abin da ta fara cirowa shi ne bakin labarin. Ta ciro na biyu, labari ya juya. In ta kai wurin da kowa ya daina tsaga citta ya saki baki, sai ta ciro na uku, ta yi hamma ta ƙarya, ta ce, "Bakina ya gaji." Ta miƙa wa wanda ta ga dama, shi zai ƙarasa.

Ni dai wannan wurin na tsana. A makaranta ni ce ta ɗaya, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Abin da malami ya rubuta a allo, zan mayar masa da shi har da wurin da allinsa ya karye. Amma a miƙo mini ƙashin kaza a ce in ƙarasa labarin da ba a taɓa koya mini ba? Sai in ga kamar an zalunce ni. Abin da na iya shi ne gyara wa Kaka zance. "Kaka, jiya ba haka kika ce ba." Ita kuma ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Hannatu, yau jiya ne?"

Wanda ake rububin a miƙa wa shi ne Bulus, ɗan Kawu Yohanna. Ya girme ni da shekara biyu, amma ajinmu ɗaya, don ya maimaita. A bakin wuta ba mai kama ƙafarsa. A aji kuwa, in an jera mu, shi ne yake rufe ƙofa.

Malaminmu, Malam Ishaya, ba mugu ba ne. Yadda aka koya masa yake koya mana. In za a yi rubutun labari, sai ya rubuta layi biyar na Turanci a allo a kan akuya: ina da akuya, fara ce, tana da ƙafa huɗu, tana cin ciyawa, ina son akuyata. Mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu zuba masa. A shekarar nan duk yaran ajinmu farar akuya gare su, har waɗanda ko kaza babu a gidansu.

Ranar jarrabawa Bulus ya ƙi akuyar. Mu a gida alade muke da ita, sunanta Lami don ranar Alhamis aka sayo ta. Sai ya rubuta labarin Lami, yadda ta san ƙararrawar majami'a, da ta ji an buga ta safe sai ta fara kuka don ta san dusa ta kusa. Turancinsa bai kai ba, ya cike da Hausa. Malam Ishaya ya ɗauki jan bironsa ya ja layi a takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ja daga ɗayar. Ya ce, "Bulus, yau da yamma zan zo in ga babanka."

Duk mun san abin da wannan yake nufi. Tun farkon zango Kawu ya riga ya faɗa cewa in Malam ya sake cewa yaron nan ba shi da kai, to ya gama makaranta, fartanya tana jiransa. Bulus kuwa yana son makaranta fiye da ni. Shi yake wanke rigarsa da kansa, ya shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarma don ta miƙe. Kuma ni ce na riga shi zuwa gida da gudu na kai labari, ina haki, kamar wadda ta kawo albishir. Wannan yana ba ni kunya har gobe.

Malam ya iso an riga an hura wuta. Ya gaida Kaka, ya gaida Kawu, ya ce yana da 'yar magana. Bulus yana can gefe, kansa a ƙasa, yana tsaga citta ɗaya tun ɗazu.

"Magana zai jira," in ji Kaka. "Zauna, ɗana. Amma a nan ba a zama haka. Me ka kawo wa kwando?"

"Mama, ban san da dokar ba. Ban zo da komai ba."

"Wancan da ke aljihunka fa?"

Ya duba aljihun rigarsa. Jan biron ne. Ya yi 'yar dariya, ya zare shi ya jefa a kwando, aka ba shi kujera da wuƙa.

Abin da Kaka ta fara cirowa murfin kwalba ne. Ta ce a wani gari a gindin dutse, akwai rafi da mutane suke sha, suke wanki, suke ban ruwa, amma ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ran nan rafi ya yi fushi, ya naɗe kansa ya hau dutse ya shige kogo. Gonaki suka bushe. Maza suka tafi nemansa da tuluna da garewani, suka dawo ba ko ɗigo. Sai wata yarinya marainiya, wadda ba ta da tulu ba ta da ƙwarya, ta ɗauki murfin kwalba ta kama hanya, mutane suna yi mata dariya.

Kaka ta sake cusa hannu, ta ciro gashin zabuwa. Ta ce a hanya yarinya ta gamu da zabuwa ƙaya ta kama mata fiffike. Ta tsaya ta cire mata, ta ce mata sannu. Zabuwa ta ce tun da aka halicce ta ba a taɓa gaishe ta ba sai dai a jefe ta, don haka ta shige gaba har bakin kogo. Yarinya ta durƙusa ta gaida rafi, ta tambaye shi gajiya. Rafi ya yi kuka, ya ce ya huce, yana so ya koma gida. Sai dai ya daɗe a cikin duhu, ciyawa ta rufe tsohuwar hanyarsa, bai san ta inda zai bi ba.

Wuƙaƙe duk sun tsaya. Kaka ta cusa hannu na uku. Na tabbata da gangan ta lalubo shi, ko da yake har ta rasu ba ta amsa ba. Ta ɗaga jan biron a hasken wuta, ta yi hammarta.

"Bakina ya gaji. Hannatu, ke ne na ɗaya a aji. Ƙarasa."

Na riƙe biron, ga Malam yana kallona. Na nemi ƙarshen labarin a kaina kamar mai neman layi a allo, ban ga komai ba. Na ce, "Ba a koya mana wannan ba." Yara suka kwashe da dariya.

"To Malam, kai da kayanka," in ji Kaka.

Malam Ishaya ya yi gyaran murya, ya juya biron, ya ce wataƙila yarinyar ta rubuta wa rafi wasiƙa, ta bayyana masa hanya.

"Rafi ya yi makaranta?" in ji Kaka. Har Kawu sai da ya yi dariya, Malam ma ya yi. Sannan ta ce, "Miƙa wa Bulus."

Bulus ya karɓi biron da ya kayar da shi da safe. Ya ce da rafi ya ga jan biro sai ya ja da baya, ya ce, "Wayyo, ni ma na faɗi ke nan?" Yarinya ta ce masa a'a, wannan ba na kayarwa ba ne, na nuna hanya ne. Ta sunkuya ta fara jan layi a ƙasa daga bakin kogo. Ba ta ja shi a miƙe ba, sai da ta kewaya ta gonar kowa, har ta waɗanda suka yi mata dariya. Amma rafi yana tsoro, ya ƙi fitowa. Sai ta ɗebi ruwansa cikin murfin kwalba, ta je ta zuba a kan layin. Ɗan ruwan nan ya fara gangarawa. Rafi ya ga ɗansa zai tafi shi kaɗai, ya ce ina, ya biyo shi a guje har cikin gari.

"Shi ya sa," in ji Bulus, yanzu kansa a sama, "rafin bayan gidanmu ba ya tafiya a miƙe. Kuma ku duba ƙasar bakinsa, ja ce. Biron ne."

Kaka ta ce, "Ya ƙoshi, ya kwanta," yadda take rufe kowace tatsuniya. Kawu ya juya wurin baƙonsa.

"Malam, ka ce kana da magana."

Malam Ishaya ya ajiye cittar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Baba, na zo in ce Bulus ya zo da wuri gobe. Akwai labarin da zai ba aji."

Da zai tafi ya miƙa hannu zai ɗauki bironsa, Kaka ta janye kwando. Ta ce abin da tatsuniya ya ci ba ya amayarwa. Sati guda da fensir ya yi ta duba mana aiki.

Ba zan ce Bulus ya koma na ɗaya ba, ni ma ban bar masa wurin ba. Amma washegari ya ba da labarin rafi a gaban aji, Malam ya sa ya rubuta shi, suka zauna tare suna mayar da shi Turanci layi layi. Farar akuya ba ta sake hawa allo ba. Bulus ya gama firamare, ya wuce makarantar koyon sana'a.

Yanzu ni ma malama ce a wata firamare a Kafanchan, kuma in faɗi gaskiya, shekaruna na farko akuyata na kiwata a allo, don ta fi sauƙin dubawa. Sai ran da aka tara mu bita a kan koya wa yara ƙirƙira, ana ta manyan kalmomi, na ga ai abin da ake kewayawa kwandon Kaka ne. Ba ta taɓa riƙe alli ba, amma ta san cewa yaro ba zai san yana da abu a kansa ba sai an tsaya a tsakiya an bar masa wuri. Tun daga lokacin, kowace Juma'a akwai kwando a ajina, kuma jan birona ne yake fara shiga. Har yanzu in yara suka miƙo mini abu suka ce in ƙarasa, gabana yakan faɗi, amma ina ƙoƙari, su kuma suna yi mini haƙuri.

Bulus yana da shago a bayan kasuwa, yana ƙera injin tsaga citta da tsofaffin ƙarafa. Biron nan yana rataye da zare a saman teburinsa, Kaka ta ba shi kafin ta rasu. Kwanan baya na biya ta wurinsa, na tambaye shi me yake gani da ya zama in da Malam ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Da na yi noman citta, Hannatu, kuma da na ci abinci, ba abin kunya ba ne. Amma da har yau ina nan ina tsammani ba ni da kai."