Ruwan da Na Sha Saboda Kundina

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa karatu ya sa na daina kula mutane, ku yi haƙuri, kwance nake. Yau ma da ƙyar nake danna wayar, amma gara in faɗa in huta.

Ga wanda bai sani ba, a Gwaram nake aikin gwamnati, kuma na daɗe ina fama da digiri na biyu a fannin kasuwanci. Bana ce shekarar ƙarshe da jami'a ta yarje mini. In ban kare kundina a gaban farfesan da ake gayyatowa daga waje ba, wahalar duk ta tashi a banza.

Binciken a kan hulɗar manoman riɗi da dillalai ne. Na ɗauki takardun tambayoyi na hau babur, Dingaya, Fagam, gida-gida.

Ranar farko da gorar ruwana na tafi. A Dingaya, a zauren wani dattijo, Baba Ɗanlami, aka kawo mini ruwa a kwanon sha, na ce na gode, ina da nawa. Ya dubi gorar, ya dube ni. Duk abin da na tambaya sai ya ce, "Allah masani." Da zan tafi ya ce, "Ɗan nan, ka ƙi ruwanmu, to maganarmu me za ka yi da ita?"

Washegari na bar gorar a gida. Na koma na sha, ya yi ta ba ni bayani har la'asar. Daga nan duk zauren da na shiga sai in kafa kai. Na randa, na rijiya, na jarka, ban taɓa tambaya ba.

Zazzaɓi ya fara. Na ce maleriya ce, na je kemis. Ya sauka, ya dawo, na sake komawa. Sati uku ina wannan wauta. Matata Binta tana cewa, "Baban Amira, don Allah mu je asibiti." Ni kuma kullum sai in ce bari in gama Fagam tukuna.

Wata Talata da hantsi cikina ya murɗa, irin murɗawar da ban taɓa ji ba. Ya ƙame kamar katako. A bayan motar haya aka kwantar da ni zuwa Birnin Kudu, kowane rami a hanyar nan na san da shi.

Gwajin jini, hoton ciki, ƙarin ruwa. Likita ya ce, "Malam, taifot ne, ya huda hanji. Yanzu za mu shiga tiyata." Binta ta sa hannu a takarda tana kuka. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na farka da roba a hanci da wata a gefen ciki. Aka ce ba ci, ba sha. Ni da na shanye ruwan ƙauyuka biyu, na kwana biyar ina roƙon kurɓi ɗaya. Binta takan jiƙa auduga ta goga mini a leɓe, shi ke nan.

Ɗinkin ya yi ruwa, aka ƙara mana sati uku. Wankin ciwo kowace safiya, allura, awon zafin jiki. Tiyata da magani suka cinye babur ɗin.

Malamar da ke duba aikina ta kira. Ta ce, "Malam Sagir, ka warke tukuna. Zan roƙa a sa ka na ƙarshe a jeri, amma ranar ba a hannuna take ba."

Babi biyun ƙarshe a jingine da filo na rubuta su. Binta na karanto amsoshin manoma, ni ina shigarwa. In na yi shafi ɗaya sai jiri ya kwashe ni. Sau biyu na ce mata a bar shi kawai. Sai kawai ta ɗauko takarda ta gaba.

Ranar kare kundi da igiya na ɗaure wandona saboda rama. Na nemi izini na yi bayani a zaune. Farfesan ya yi ta juya shafuka, sannan ya cire tabarau. Ya ce, "Manomi ba ya gaya wa baƙo abin da ke tsakaninsa da dillali. Me zai sa in yarda ba a ɗakinka ka cike takardun nan ba?"

Duk amsar da na haddace ta gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwansu na sha." Na dafa tebur na miƙe, na ɗaga rigata.

Ya daɗe yana kallon tabon. Ya ce in zauna, in ba shi labarin daga farko.

Na ci, da ɗan gyara kaɗan. Na ɗauka zan yi tsalle. Gida na dawo na yi barcin kwana biyu.

Alhamdu lillahi. Binta, ba ni da abin biyanki. Malamata, likitoci, nas-nas, da abokan aikin da suka ba da jini, Allah ya saka da alheri.

Ku da za ku fita bincike, kada ku ƙi ruwan mutane, amma kuna iya roƙon a tafasa, ba wanda zai ji haushi in kun faɗa da ladabi. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku kuwa, asibiti za a kai shi, ba kemis ba. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa ga inda na ɗauko, don haka kada kowa ya zargi kowa.

Jiya ƙanina ya kai ni Dingaya, na kai wa Baba Ɗanlami kwafin kundin ya ga sunan garinsu. Aka kawo kwanon sha. Na tuna da gadon asibiti, amma na miƙa hannu.

Kwanon da zafinsa.

Ya ce, "Labari ya iso mu. Tun safe innarka ta ɗora shi a wuta. Sha, ɗan nan."