Dutsen Taimamar Inna

Shekara goma sha tara na yi ina faɗa wa mutanen Arlit cewa teku ya taɓa kwanciya a inda suke shanya wandunansu, su kuma suka yi shekara goma sha tara suna yi mini dariya. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutumin da ke layin pampo da bido biyu na ɗiban ruwa, rana na dukan ƙeyarsa, ka ce masa a ƙasan teku yake tsaye, ai zagi ne.

Ni direba ne. A aji biyar na bar lakwal, can ƙauyenmu na ƙasar Tawa, don haka kada wani ya zaci malami ke magana. Na hau arewa neman aiki, na samu tuƙin kamyon masu huda ƙasa suna auna ta wajen Imuraren. A cikinsu akwai wani injiniyan duwatsu, siriri, ɗan ƙasar nan, kullum da ƴar guduma a ƙugu kamar mai neman faɗa. Wata rana muna jiran inji ya huce, ya ɗauki wani dunƙulen dutse mai kamar burodi, ya ƙwanƙwasa masa sau biyu a gefe, ya buɗe gida biyu. Kifi ne kwance a ciki. Kai, ƙaya, wutsiya, komai, a wurin da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya fito.

Ya ce kifin teku ne, ya mutu tun ba a halicci raƙumi ba, laka ta rufe shi, ya zama dutse. Ya koya mini irin shimfiɗar dutsen da ake dubawa, da yadda ake bugu a gefe ba a tsakiya ba. Daga baya aiki ya tsaya. Shi ya koma Yamai, ofis mai sanyi. Ni ya bar ni da ciwon.

Na tara haƙora, na tara ɓawon jiki, na tara guntayen ƙashin baya, akwatin ƙarfe guda. Amma sarkinsu ɗaya ne. A wani kori, busasshen rafi, na same shi kan hanyar Cirozerin, ranar da taya ta fashe mini: falalen dutse shimfiɗaɗɗe, kifi cikakke a kansa, tsawon tafin hannu da yatsu, baƙi, yana ƙyalli in ka karkata shi ga rana. Na naɗe shi cikin tsohuwar rigar aiki, na sa shi can ƙasan akwati. Ko ɗiyan cikina ban lallaɓa haka ba, kuma matata ta sha faɗa mini.

A fadarmu ta shan shayi akwai maƙwabcina, mai walda, Badamagare. Shi ya naɗa ni Sarkin Ruwan Arlit.

"Ranka ya daɗe, yau ba kamu? A soya mana biyu, na ƙera haƙoran ƙarfe."

Na kai masa kifin har shago, na sa masa a gaban hanci. Ya ɗaga tabaransa na walda, ya duba, ya ce zanen Allah ne a jikin dutse, kamar yadda gajimare ke kama da tunkiya. Mutumin da ke like tukunyar da za ta sake yoyo jibi, shi ne masanin halitta.

Ana nan Inna, mahaifiyata, ta tsufa, muka ɗauko ta daga ƙauye. Idonta ya yi yana, hannuwa da ƙafafu sun tsattsage, likita ya ce ta rage taɓa ruwa. Sai taimama. Ina kan hanyar Agadas ranar da ta ce a samo mata dutse mai faɗi, mai tsabta, don ta ji ana cewa ƙasar garin nan ba ta da amana saboda ma'adinin da ake haƙa. Matata ta duba tsakar gida ba ta ga wanda ya yi mata ba. Sai ta tuna Allah ya ba ta miji mai akwatin duwatsu. Ta zaɓi mafi kyau, ai uwar miji ba a ba ta na banza. Ta samo wani ɓallin bulo ta naɗe cikin rigar, ta mayar ƙasan akwati. Wata huɗu ina buɗe akwati ina shafa bulo ta bayan riga, ina jin daɗi.

Ranar da asiri ya tonu, wani malamin lakwal ne ya zo, mutum na farko a garin nan da ya nemi ganin kifin da bakinsa. Na wanke hannu, na warware riga a gabansa, bulo ya faɗo. Na bi gida ina tambaya, har na leƙa ɗakin Inna. Ga shi nan gefen buzun sallarta. Inna ba ta dafa dutse ta ɗaga kamar kowa, gogawa take yi, sau biyar a yini, ban da nafila, kuma ita nafilarta ba ta da iyaka. Kan kifin ya tafi. Rabin ƙayar ta shafe.

Na fito tsakar gida na ƙwala ihu: "Wa ya ba Inna kifina?"

Idonta ne ya mutu, kunnenta garau yake.

"Kai, zo nan. Mi kac ce? Kihi?"

Daga wannan rana ta daina cin abin kirki. Ta ce in da ƙashin mushe ta yi taimama, to wata huɗu ba ta yi salla ba, sai ta rama duka. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta fara jera salloli tun hantsi, da taimama a kan yashin da ta sa aka ɗebo mata, tana yi tana kuka, tana ɓata lissafi tana komawa farko. Kwana uku ta faɗi sau biyu. Matata ta daina yi mini magana, wanda a wani lokacin da na gode.

Na kira limamin unguwa, dattijo, mutumin Abzin. Ya zo bayan la'asar. Mai walda ya biyo shi, da ma shi ba a yin abin kallo kyauta ya rasa. Muka zauna ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki bayan labule. Liman ya juya dutsen, ya ƙwanƙwasa shi da farce, har ya sansana.

Ya ce, "Ni ban yi karatun kifi ba. In dutse ne, sallar tsohuwa ta yi. In ƙashi ne, akwai magana. Kai ka ɗauko shi, mene ne?"

Na gyara zama. Shekara goma sha tara nake jiran a yi mini wannan tambaya gaban shaidu. Na ce, "Malam, kifi ne na gaske, amma ya daɗe ƙwarai, ƙashin ya tafi, dutse ya maye wurinsa."

Liman ya ce, "To, ya zama dutse ke nan. Hajiya, kin ji, ba komai."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Malam, ban son amma. Ba a kai ma Allah amma. Shi da ya ɗauko abinai shi ya san mi ya ɗauko. Kai, hwaɗa mini da bakinka: dutse na ko kihi?"

Mai walda ya sunkuyar da kai yana wasa da takalminsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ina jin numfashinta ta cikin labule, irin na wanda ya hau tudu.

Na ce, "Dutse ne, Inna."

"Ba kihi ciki?"

"Babu. Zane ne kawai. Kamar yadda gajimare ke kama da tunkiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da ma na sani. Tun kana ƙarami kake da ƙarin magana." Ta miƙo hannu ta ƙasan labule. "Ba ni abina, magariba ta kusa."

Na sa mata shi a hannu. A daren nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Washegari ban kai ga zama a fada ba labari ya riga ni. Mai walda ya miƙo mini kofin farko da hannu biyu, ya ce, "Jama'a, Sarkin Ruwa ya yi murabus. Gaban liman, da kunnena." Har yau in na buɗe baki kan teku, sai wani ya ce, "Dutse ne, Inna," a kwashe da dariya. Malamin lakwal bai sake dawowa ba. Da ma bulo ya gani.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da rabi tana goga. Ina zaune ina kallo ƙaya na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kwana cikin ƙasa tun kafin raƙumi, iska ba ta ci shi ba, injin kamfani bai niƙe shi ba, tafin tsohuwa ya gama da shi. Da ta rasu na mayar da shi cikin rigar, na jefar da bulon. Ya yi sumul kamar sabulu, da ɗan kwari a tsakiya daidai hannunta. Saura ƙaya uku na wutsiya a gefe guda, inda yatsunta ba su kai ba.

Kwanaki mai walda ya shigo aron guduma, ya gan shi a hannuna. Ya daɗe yana duban ƙayoyin nan uku, ya ce, "Ka san wannan wurin ya so ya yi kama da wutsiyar kifi?"

Na ce masa dutse ne, ya ɗauki gudumar ya fita mini daga gida.