Tsiren Baba Jatau

Wata rana, bayan sallar Magariba, na faɗi wata magana a gaban dattawan layinmu.

Maganar gaskiya ce.

Yau wata bakwai ke nan, nauyinta bai sauka daga ƙirjina ba.

Abin da ya sa zan ba da labarin shi ne muhawarar da nake gani a wannan dandalin sada zumunta kwana biyu, a kan abincin nan da ake haɗawa da waken suya a ba shi siffar nama, har da wanda ake naɗewa kamar sosej, naɗaɗɗen naman nan na Turawa. Wasu sun ce da daɗi. Wasu sun ce kamar mutum yana tauna katifa. Da a bara ne, da ina sahun gaba cikin masu dariya.

Ni sana'ata niƙa. Ina tsaron injin niƙa a Malumfashi, kuma rabin abin da ake kawo mini jiƙaƙƙen waken suya ne na masu awara. Warinsa yana cikin rigata, yana ƙarƙashin farcena. Saboda haka ba na cin awara, kuma ko a cikin me aka ɓoye ta sai hancina ya tono ta.

A da ina alfahari da wannan.

Lokacin da na kama ɗaki a sabon layi, na tarar dattawan wurin suna ciyayya. Kowa a fito masa da kwano daga gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Malam Ubale tela, a haɗa a ci tare.

Ni ba mata, ba kwano. Kwana uku ina wucewa ina gaishe su. A na huɗu Malam Ubale ya ce, "Kai mai inji, gaisuwar ta isa haka. Wanke hannu ka zauna, kada a ce tuzuru ya mutu da yunwa a layinmu."

A nan na san Baba Jatau.

Tsohon mahauci ne, ya gaji fawa daga mahaifinsa. Hawan jini ya kayar da shi shekarar da ta gabata, ya tashi da sanda, hannunsa na hagu ba ƙarfi, idonsa kuma ya yi rauni.

Kowane kwano a tabarmar nan na kowa ne, ban da guda ɗaya: wani ƙaramin faranti mai murfi da ake ajiyewa a gaban Baba Jatau. Tsire ne a ciki, tsinke huɗu. Ba wanda yake kai hannu.

Sai ya ɗauki tsinke ɗaya, ya gutsura, ya lumshe ido. Kowa ya zuba masa ido yana jira.

"Ɗan maraƙi ne," in ji shi. "Cinya. Bai cika shekara ba."

Dattawa su gyaɗa kai.

Malam Ubale ya ce, "Saura ka faɗa mana sunan wanda ya yi kiwonsa."

"Bari in ci na biyu, har sunan uwarsa za ka ji. Kai dai da allura aka san ka, ina ruwanka da nama?"

A yi dariya, sannan Baba Jatau ya jawo tuwo ya ci sosai.

Kullum haka. Kuma kullum ɗan maraƙi ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba.

Ranar da abin zai faru, Baba Jatau yana cikin nishaɗi. Ya zaro tsinke ɗaya daga farantinsa ya miƙo mini.

"Karɓi, yaro. Mako uku kana zama da mu, ba ka ɗanɗana naman ƙwarai ba."

Malam Ubale ya yi sauri ya turo mini kwanon tuwo. Ya ce, "Baba, bar shi. Yaran yanzu ba su san nama ba, asara za ka yi."

Wani dattijo a gefena ya taɓa mini gwiwa.

Ban fahimta ba. Na ɗauka raina ni ake yi. Na sa hannu biyu na karɓa.

Gutsure ɗaya na yi. Yaji ya ji, ƙuli-ƙuli ya ji, ga ƙamshin hayaƙin gawayi. Amma can a ƙasa, ga warin nan da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Baba Jatau yana murmushi. "To, mai inji, wane wuri ne a jikin dabba?"

Na yi dariya.

"Baba, ai wannan ba nama ba ne."

"Me ka ce?"

"Awara ce, Baba. An dai matse ta sosai an gasa. Ni nake niƙa waken, ba zan kasa gane shi ba."

Hannuwa suka tsaya a cikin kwanuka.

Bai dube ni ba. Dattawan ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai.

"Ubale, kai ma ka sani?"

Malam Ubale bai ɗago ba.

"Tun yaushe?"

"Tun dawowarka daga asibiti, Baba."

Baba Jatau ya zare yanka ɗaya daga tsinke, ya kakkaɓe ƙuli-ƙulin, ya murza shi tsakanin yatsunsa. Zaren tsoka yake nema. Abin ya marmashe ya zube a kan tabarma.

Ya daɗe yana kallon yatsun nasa. Sannan ya ce, a hankali:

"Shekara arba'in da uku ina yanka. Yau sai mai niƙa ne zai gaya mini abin da ke cikin bakina."

Ya rufe farantin. Ya dafa sandarsa ya tashi. Mutum biyu suka miƙe za su kama shi, ya ɗaga musu hannu.

Bai taɓa tuwon ba.

Bayan ya shige gida ne Malam Ubale ya ba ni labarin da kowa a layin ya sani, ban da ni.

Likita ya hana Baba Jatau jan nama da kitse. Da aka dawo da shi gida sai ya juya wa abinci baya. Kwana goma sha ɗaya, daga ruwa sai kurɓin koko. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa cin tuwo ba nama a gefe ba, kuma ba zai fara da furfura ba.

'Yarsa Lantana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ta samo dabara. Takan dafa awara, ta ɗaure ta a tsumma, ta danne da dutse har sai ta yi tauri. Ta yanka siriri, ta jiƙa da daddawa da albasa da citta, ta soke a tsinke, ta gasa.

Ba ta taɓa ce masa nama ba ne. Abin da take cewa kawai, "Baba, ga tsirenka."

Ciwon ya dakushe masa harshe, shi kuwa bai sani ba. Da ya ji laushi, sai ya ce ɗan maraƙi ne. Daga ranar ya koma cin abinci.

Na ce, "Malam, ai ni ban yi ƙarya ba. Kuma shi ya tambaye ni."

Malam Ubale ya dube ni.

"Tambayarka ya yi, ko so yake ya koya maka? Da ka ce, 'Baba, ai kai ne masani,' ƙarya ka yi?"



Washegari wurin Baba Jatau a tabarma ya zauna ba kowa. Haka jibi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Amma ba wanda ya yi dariya a ciyayyar.

A wurin aiki kuma sai na lura da wani abu. Akwai wata mata da take zuwa da shuɗin bokiti duk bayan kwana biyu, takan roƙe ni in maimaita mata niƙa sau biyu don ya yi laushi. Sau da yawa na yi mata tsaki a zuciyata.

Ba ta zo ba.

A nan na gane Lantana ce. Ashe tsiren da na tona, ta hannuna yake wucewa.

A rana ta huɗu na tafi gidan Baba Jatau na yi sallama. Lantana ta fito zaure. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jikin Baba.

"Koko, rabin kofi," in ji ta. "Tun ranar."

Na ce, "Yaya Lantana, ki yafe mini. Zan shiga in ce masa kuskure na yi, nama ne."

"Kada ka soma. Sau ɗaya aka ruɗe shi, ya isa."

Ta gyara mayafinta.

"Ni ban damu ya yi fushi da ni ba. Da fushin ya yi, da na ji sauƙi. Cewa ya yi harshensa ya riga shi mutuwa."

Na koma ɗaki da wannan magana. Mutumin da ya ba ni daga farantin da ba ya ba kowa, ga abin da na saka masa da shi. Idan wani abu ya same shi, wa zan ce ya jawo?

Da safe na niƙa wake da hannuna, sau biyu, na kai wa Lantana. Na roƙe ta ta dafa, ta danne, amma kada ta yanka.

Bayan La'asar na dawo. Baba Jatau yana zaune a zaure, ya jingina da bango. Cikin kwana biyar wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na durƙusa na nemi gafararsa. 

Na zauna a gabansa, na ajiye curin awarar a kan faranti, na ɗauki wuƙa na fara yankawa. Ban yi da gangan ba, ban dai iya ba ne. Wani yanka kauri, wani ya karye a tsakiya.

Yana kallo. Na yi na uku, na yi na huɗu.

"Haka ake riƙe wuƙa a garinku?"

Na ce, "Ba wanda ya koya mini, Baba."

"Kawo nan, kafin ka yanke yatsa ka ɓata mana zaure."

Ya gwada kaifin da babban yatsa, ya yi tsaki, ya sa aka ɗauko masa tsohuwar wuƙarsa. Hannunsa na hagu ba ya riƙo, saboda haka ni na danne curin, shi yana yanka.

Ban taɓa ganin irin wannan ba. Hannun da yake rawa in ya ɗauki kofi, da ya kama wuƙa sai ya tsaya cak. Kowane yanka daidai da ɗan'uwansa, siriri, ba wanda ya karye.

Ya nuna mini yadda ake soka tsinke. Ya ce wa Lantana ta nisanta shi da harshen wuta, garwashi kawai ake so.

Da aka kawo, ya ɗauki tsinke ɗaya ya daɗe yana juya shi.

"Ba nama ba ne."

Na ce, "Ba nama ba ne, Baba."

Ya ci. Ya ci na biyu. Lantana ta turo tuwo a hankali, ya yi loma biyar. Na ƙirga su.

Na so in ce muku a nan labarin ya ƙare, amma na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙawata shi ba.

Bayan mako biyu Baba Jatau ya dawo ciyayya. Har yau yana zuwa. Shi yake yanka tsirensa, ni nake danne masa, kuma yana cin abin da zai riƙe shi.

Amma ba ya lumshe ido.

Yakan ɗauka, ya tauna, ya haɗiye, kamar mai shan magani.

Wata rana Malam Ubale ya gwada tayar da tsohuwar raha. Ya ce, "Baba, yau kuma wane wuri ne a jikin dabba?"

Baba Jatau bai ɗago ba. Ya ce:

"Tambayi mai inji."

Ba wanda ya yi dariya.

Darasi:

Na iya gane waken suya ko a cikin me aka ɓoye shi, amma na kasa gane hannun dattijon da ya taɓa mini gwiwa.

Ba cewa nake a yi ƙarya ba. Har yanzu ina tambayar kaina ko ya dace a ɓoye masa tun farko, kuma ban gama samun amsa ba. Abin da na tabbatar shi ne, ba ni ya kamata in buɗe ba, ba a wannan wuri ba, kuma ba da dariya ba.

Idan ka shiga cikin mutane ka ga duk sun yi shiru a kan abin da kai kake gani a fili, kada ka ɗauka ka fi su ido. Ka jira, ka ja ɗaya gefe ka tambaya.

Kafin kuma ka kushe abin da ke cikin farantin wani, ka tuna ba ka san abin da ya kai shi ga cinsa ba, ba ka san wadda ta tsaya a kan wuta dominsa ba.

Idan ka san mai saurin baki irina, ka tura masa wannan kafin ya zauna a tabarmar da ba tasa ba. Wanda ya karanta kuma, ya sa Baba Jatau a addu'a.