Bangon Gabas na Ɗakin Kaka

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba na jin zai ɗauke shekarar da na yi gardama da kakata a kan inda ruwan sama yake fitowa.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a Damagaram, kaina cike da sabon karatu. Mushenmu, wato malaminmu, ya koya mana yadda damina ke zuwa: da bazara rana kan gasa hamada, iskar wurin ta yi zafi ta tashi sama, sai wata iska mai laima ta taso daga teku, can kudu maso yamma, ta zo cike gurbin. Tana tafe tana zubar da ruwa, shi ya sa mu na wajen Dogo muka fi mutanen arewa samu. Kai, daɗin da na ji! Sai ka ce ni na ƙirƙiro damina.

Da na zo ƙauye, na tarar Baba ya aiko da buhun siminti biyu daga Zango a shafe ɗakin Kaka, bango ɗaya kawai za su isa. Ɗakin ƙasa ne, ciki take ajiye irin gyaɗarta na shekarar, ba ta da wani.

"A shafe gabas," in ji ta.

"Haba Kaka! Ruwa daga yamma yake zuwa. Fito ki ji iska."

Iskar kuwa ta goyi bayana, daga can take busowa har da ɗan sanyinta.

"Maigida, shekara nawa hadari na dukana ta gabas, yau kai za ka juya shi?"

Ni da taurin kai, na durƙusa na zana mata teku da hamada a ƙasa. Ta kalli zanen, ta taɓe baki. "To, a yi yadda ka ce. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba." Na shafe bangon yamma sumul, ina fito.

Ba a yi kwana goma ba, ina gona bayan la'asar, iska ta tsaya cak. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in kai gida ruwa ya kece, a karkace, yana jibgar bangon da na bari. Ina shiga na ga samansa ya rufta ciki, daidai inda buhunan gyaɗa suke zama. Na shiga ƙwala wa Kaka kira.

Sai ga ta zaune a kan buhunan, jingine da bangon yamma, ta kifa ƙwarya a ka tana dariya.

"Tun ranar da ka gama na jawo su nan. Na ce bangon boko, in bai tare ruwa ba, ya tare ni."

Da na ba mushe labari, sai da ya yi hawaye don dariya. Ya ce rabi na ji. Iskar teku ce ke kawo laimar, amma can sama akwai wata mai busowa daga gabas, ita ke koro hadari.

Mako guda na yi ina cuɗa ƙasa, Kaka na gefe tana tambayata ko teku ta gaishe ni. Tun daga nan na yarda ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yau in tsoho ya ce gabas, sai na ji dalilinsa kafin in buɗe baki.