Wayar da Habu Ya Zaɓa Mini

A kakar shekarar 1964, ranar kasuwar Tanut, ina tsugune gaban tabarmar wani ɗan koli da ya zo daga Damagaram, kuɗin zakaran da Inna ta sayar saboda ni suna ƙulle a haɓar rigata. Shekarata goma. An gama yankan hatsi, kasuwa ta cika maƙil da Abzinawa da Fulani, raƙuma sai kuka suke bayan rumfunan gishiri, amma ni idona na kan wayoyin da mutumin ya nannaɗe kamar gammo ya jera a rana. Habu, ɗan ƙanen babana, wanda ya girme ni da shekara biyu, yana gefena yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Na ga yana karta ƙusa a jikin kowace, na ɗauka wasa yake. Can ya zaro wata jajawur, wadda ta fi duka sheƙi, ya danƙa mini, ya ce ita ta dace da ni. Shi kuma ya ɗauki wata dusasshiya mai kore-kore a jiki. Wallahi har tausayinsa na ji.

Gidanmu gidan maƙeran fari ne, masu zobe da 'yan kunne da awarwaro. Babana ya rasu ina shekara bakwai, ya bar jakar fata guda da kayan aikinsa a ciki: awartaki biyu, magagarin goge ƙarfe, 'yar ƙaramar masaba, da wani faffaɗan ƙarfe mai huda-huda, tun daga babbar huda har wadda allura ke shiga da ƙyar, ta nan ake jan waya har ta sirance. Ƙanensa Baba Illo, uban Habu, ya rataye jakar a maƙera, kullum sai na leƙa ta kafin in wuce lakwal, makarantar boko. Shekarar da aka zo rubuta yaran da za a sa lakwal, an ɓoye Habu cikin rumbu, ni aka tsince ni a bakin rijiya. Shi ya sa ina can ina shan bulalar Mushe, malaminmu, a kan baƙaƙen Nasara, shi yana gindin zuga-zugi yana kallon yadda ƙarfe ke nuna. In ban da wannan ba abin da ke raba mu. Akushinmu ɗaya, tare muke kai awaki daji, tare muke kaɗa gwangwani a gona muna korar tsuntsaye, in kuwa langa ta rikiɗe ta zama faɗa, shi ke tare mini.

A kakar nan ne Baba Illo ya ce kowannenmu ya je ya zaɓo wayarsa ta jan ƙarfe, ya ƙera sarƙa tsawon kamu ɗaya kafin kasuwa biyu. Wanda tasa ta jure wuta da ruwan tsamiya, jakar ta zama tasa. Inna ta ce masa a hankali ai kayan uban yaro ne. Ya ce kayan sana'a ba gona ba ne, wanda hannunsa ya iya shi ke gadonsu. Ni ko a jikina, domin jinin mai jakar nake, kuma ga Habu zai nuna mini hanya.

Aikin a baki ba wuya. Ka nannaɗe waya a jikin ƙusa, ka zare, ka yanyanka ta zobe-zobe, ka saƙala wannan cikin wancan ka matse bakin. Kullum na taso lakwal, in na ɗebo wa Inna ruwa na zuba wa awaki dusa, sai mu zauna gindin aduwa bayan gida. Habu yakan fara sa tasa a garwashi ta yi ja, ya tsoma a ruwa, sai ta yi laushi tana bin hannunsa kamar kaba. Tawa kuwa in na nannaɗe na saki, sai ta warware ta tsinka mini yatsa. Na ce bari ni ma in sa a wuta. Ya ce kul, irin wannan mai kyau ba ta son wuta, sheƙin zai tafi. Na yarda, ina dalilin da zan ƙi? Haka na yi ta fama da ita ɗanya, yatsuna suka tsattsage, Inna na shafa musu man shanu, Mushe na ƙara musu da rula don na ɓata littafi da jini. Wani lokaci Habu ne ma ke riƙe mini ƙusar. Wannan riƙon ƙusa shi ya fi ƙona mini rai har yau.

Ranar da aka sa, da hantsi, Baba Illo ya ɗora sarƙoƙin biyu a garwashi, ya zuga, ya ɗauke su da awartaki ya jefa cikin kaskon ruwan tsamiya. Ta Habu ta fito jajawur, tsaf. Tawa ta fito baƙa ƙirin, jan da ke jikinta yana ɓamɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ashe baƙin ƙarfe ce aka yi wa wankan jan ƙarfe, ƙusa ɗaya da an karta a jiki da an ga cikinta. Baba Illo ya tambaye ni wa ya zaɓa mini wannan abu. Na juya na dubi Habu, ina jiran ya tare mini kamar kullum. Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Shi ya zaɓa, Baba. Na ce ya karta ya gani, ya ƙi.”

Baba Illo ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe, na kuma rantse ya gane komai, domin abin da ya faɗa ke nan yana sauko da jakar: “Wanda ya bari wani ya zaɓa masa ƙarfe bai isa riƙe awartaki ba.” Ya miƙa wa ɗansa. Na yi kuka a bayan rumbu har muryata ta dushe. Da yamma aka ajiye mana tuwo a akushi ɗaya, na sa hannu, Habu ya sa, ya tura mini gefen da miya ta fi yawa. Tun ranar ban sake lanƙwasa waya ba. Na bi lakwal har na zama Mushe ni ma.

Yanzu waya a leda take zuwa da sunanta rubuce, sarƙoƙin kanti sun cika kasuwa, maƙerar Baba Illo ta zama ɗakin ajiye buhuna. Ni da Habu ba mu taɓa yanke zumunci ba, suna da biki da gaisuwar mutuwa duk muna haɗuwa, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Bara, da idonsa ya daina gani, na je duba shi, ya lalubo jakar daga ƙarƙashin gado ya ɗora mini a cinya, ya ce, “Ga kayan babanka.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Hannuna yanzu rawa yake, ko allura ba na iya sa wa zare. Na karɓa na yi godiya, domin haka aka tarbiyyantar da mu. Amma yaron da yake son jakar nan ya daɗe da daina jira.