Tukunyar Maijego da Sodar Sabulu

A bana na cika shekara saba'in da uku a duniya, al'amarin da zan ba da labarinsa kuwa ya haura shekara ashirin da aukuwa. Zamanin nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, Hausa ta cika kasuwar Sabha har Larabawa na ciniki da ita. Ina aiki a wani ɗan gidan yin sabulu a unguwar Mahdiya, kuma ba yabon kai ba, a hannuna aka damƙa sodar gidan, domin ni ba mutumin gaggawa ba ne.

Sodar nan fara ce fat, ka ce gishiri, amma ba ta san wasa ba. In an bar bakin buhunta a buɗe sai ta zuƙi danshin iska ta jiƙe. Ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa a ka, gama zafi take ɗauka har ta yi tsartuwa. Ban taɓa kusantarta ba sai da safar hannu ta roba da tabarau. In ta taɓa fata aka ji santsi, to fatar ce ke narkewa, sai a yi ta kwarara ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Ina da wani amini Badamagare mai sayar da shayi. Ni kuwa Bakano ne, saboda haka ba mu haɗuwa sai da tsiya. Matarsa ta haihu, ana gobe suna ya zo gayyatata, ya tarar ina wanke gangar ƙarfe da ruwan soda, tsohon maiƙo yana sulalewa. Ya tsaya yana kallo, can sai ya miƙa hannu ga buhu zai ɗanɗana, yadda mutanensu kan lashi kanwa kafin su saya. Na buge hannun.

Ya ce, "Kai Bakano, rowar taku har ta kai ga kanwa?"

Na ce, "Wannan ba kanwar garinku ba ce. Lasa ɗaya, gobe ba ka da harshen faɗa wa liman sunan ɗanka."

Sai ya roƙe ni in ba shi kaɗan ya wanke tukunyar suna. Tukunyar nan ta matarsa ce, babba, ta alminiyam irin wadda maƙera ke zubawa. Gadon mahaifiyarta ce, a cinya ta rungumo ta bisa mota tun daga Damagaram, kuma duk cikinmu babu mai kamarta. Na ce masa soda na cin alminiyam, gara ya nemi yashi da toka. Ya yi dariya ya tafi. Ashe shagon masu kayan famfo ya zarce, ya sayo sodar da ake buɗe magudana da ita.

Bayan la'asar na nufi gidansa a unguwar Abdulkafi da sabulun barka. Tun daga zaure na ji wani huci. A tsakar gida ga tukunya tana tafasa ba wuta a ƙarƙashinta, kumfa toka-toka na tasowa, aminina na tsaye yana murmushin nasara. Gefe guda wani direba mutumin Agadas, wanda ya kawo ragon suna daga garin Zighan, ya saƙala taba a baki yana lalubar ashana.

Na daka tsawa, "Kada ka ƙyasta! Iskar da ke fitowa daga nan wuta take kamawa!"

Direba ya yar da ashana ya ja da baya. Na sa shi ya fitar da kaskon garwashin shayi waje. Muka tsaya nesa muna tuttula ruwa daga jarka har hucin ya lafa, sannan muka zura dogon itace a hannuwan tukunyar muka karkata ta ga magudana. Ɗigo ya faɗa wa aminina a ƙafa, na zaunar da shi bakin famfo, na ce kada ya tashi sai na sallame shi.

Daga bayan labule maijego ta ce, "Malam, me ya sami tukunyata?"

Mijinta, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya zuba mini ido.

Na ce, "Wanka maigidanki ya yi mata, sai dai ya cika hannu. Ki ba mu lokaci kaɗan."

Muka ɗauraye ta har hannuwanmu suka gaji. Cikinta ya yi fari, da 'yan ramuka kamar zanzana. Na cika ta da ruwa, na ɗora ta bisa busasshen yashi don mu ga ko tana yoyo, muka zauna muna jira. Da aka kira magariba muka ɗaga ta. Yashi a bushe ƙamas.

Aminina ya yi hamdala, nan take bakinsa ya dawo. "Ka gani, Bakano? Ai ta fita tas!"

Maijego ta ce, "Ta fita. Amma daga yau tsakaninka da ita sai cin abin da ke ciki."

Washegari a cikinta aka dafa shinkafar suna, ta ƙosar da mu duka, har da maƙwabta Larabawa.

Aminina har gobe cewa yake na ƙara wa labarin gishiri. To, direban nan yana nan da ransa a Agadas, a tambaye shi. Uwar yaron ma shaida ce, tukunyar kuwa tana ɗakinta a Damagaram da zanzanarta.